DAMAGARAM: KOWANE BANGO DA IRIN RIGARSA

Daga Maraɗi zuwa Damagaram tafiyar kilomita wajen 240 ce a kan kwalta. Mota tana bi ta Gazawa, da Tasawa, da Takeita. Duk tsawon hanya matafiyi yana ganin gonakin hatsi, da rumbuna, da ɗakunan ƙasa. In an kusa gari sai manyan duwatsu su bayyana, wani bisa wani, kamar an jera su da hannu. A tsakanin duwatsun nan garin yake zaune.

Damagaram tsohon gari ne. Sarautarsa ta kafu tun wajen shekara 300 da suka wuce. Nasara sun ci garin a 1899. Daga 1911 shi ne babban birnin ƙasar Nijar, har 1926 da aka maida mulki Yamai. Amma abin da ke fara tsaida baƙo a nan shi ne bangayen gidaje. Wani ja ne kamar goro, wani fari fat, wani an zane shi tun daga ƙasa har zanko. Manomi ko makiyayi da ke shirin gyaran ɗakinsa bayan kaka zai ƙaru ƙwarai in ya zaga garin nan da idon basira. Bangayen Damagaram suna nuna abin da ya dace da gini, suna kuma nuna abin da ke kashe shi.

CIKIN BIRNI

Tsofaffin unguwannin garin biyu ne: Birni da Zango. Birni ita ce unguwar sarauta. Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki har wajen 1884, shi ya kewaye ta da ganuwa mai tsawo da kauri. Yau ganuwar ta zube, saura gutsattsari nan da can. 

Lungunan Birni matsattsu ne, wani wurin jaki da kaya da ƙyar yake wucewa. A tsakiyar unguwa fadar sarki take, da babban fili a gabanta. An yi wa fuskar fada ado da zane mai launi iri-iri. Cikin Birni kuma akwai gidan da wani matafiyi Bajamushe ya sauka a ƙarshen 1852. Sunansa Barth, amma a ƙasar Hausa da Abdul Karim aka san shi.

Yawancin tsofaffin gidajen da tubali aka gina su, aka rufe da azara da ƙasa. Bangonsu yana da kauri daga gindi, yana ragewa in ya yi sama. Da rana tsaka, lokacin bazara, cikin zaurensu da sanyi. Da ɗari kuma da ɗumi. Wannan albarkar ƙasa ce. Amma ƙasa tana da abokin gaba guda, shi ne ruwa. Don haka magina na da ba su barin bango tsirara. Suna yi masa riga, kuma rigar daga daji da gona take fitowa.

MAKUBA DA LASO

Rigar farko ita ce yaɓe. Ana kwaɓa ƙasa da ruwa, a zuba yankakkiyar ciyawa ko ƙaiƙayi, a sa kashin shanu ko na jakai. A tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ko uku tana ruɓa, kullum ana juyawa. Ciyawa ita ke riƙe ƙasar don kada ta tsage in ta bushe. Yaɓen da aka kwaɓa da safe aka shafa da hantsi ba ya daɗewa.

Bisa yaɓe ake sa makuba. Daga ɗorawa ake samun ta. In mata suka cire garin ɗorawa, suka ware kalwa ta daddawa, ɓawon da ya rage ba shara ba ne. Ana daka shi, a jiƙa cikin ruwa har ruwan ya rine ya yi ja mai duhu. Da ruwan nan ake dama ƙasa mai laushi, a shafe bango da tafin hannu. In ta bushe sai bango ya yi ƙarfi, ruwan sama ya riƙa zamewa a kansa. Makuba ba ta har abada ba ce. Ana sabunta ta bayan damana ɗaya ko biyu, gwargwadon yadda ruwa ya bugi bangon. Da ruwan makuba kuma mata ke yayyafa wa daɓen ɗaki, ya yi santsi da sheƙi. Inda ɗorawa ta yi wuya, waɗansu suna amfani da bagaruwa wajen daɓe.

Laso ya fi makuba ƙarfi, ya kuma fi ta tsada. Kayan haɗinsa daga masu sana'a uku suke fitowa. Daga marina ake kwaso katsi, watau dattin da ke kwantawa a gindin karofi, a shanya shi, a ƙone, a daka. Daga majema ake samo gashin awaki wanda aka kankare daga fata. Daga daji kuma ake haƙo dafara, a daddaka, a jiƙa, ta ba da ruwa mai yauƙi. In aka haɗa ukun nan aka shafe rufin soro da su, yakan yi shekaru bai yi yoyo ba. Damagaram garin dukawa da majema ne tun da, shi ya sa gashin jima bai yi wa maginanta wuya ba. Yau marina sun ragu, katsi ya yi ƙaranci, masu sanin haɗin laso ma sun ragu.

ZANGO DA ZANENTA

Arewa da Birni unguwar Zango take. Nan ne ayarin raƙuma ke sauka a da, masu zuwa daga Agadas da Bilma da ƙasashen Larabawa. Fatake suka yi arziki, suka gina manyan gidaje. Mai kuɗi yakan nuna wadatarsa a fuskar zaurensa.

Zanen gida iri biyu ne. Akwai na tudu: tun yaɓe yana ɗanye magini yake ɗora ƙasa da yatsunsa, ya fitar da siffa ta taso bisa bango. Akwai kuma na karta: a shafe bango ya yi sumul, sa'an nan a karce siffar da wuƙa ko guntun ƙarfe kafin ya bushe. Ana yin dagi, da takobi, da allo, da wata da tauraro. Da zamani ya sake, har keke da mota da jirgin sama sun hau bango. Duka iri biyun ba su yiwuwa in bango ya riga ya ƙeƙashe. Abin da Hausawa ke nufi ke nan da suka ce tun ran gini ran zane.

Launin da ake sa wa zane a da daga ƙasa yake: jar ƙasa, da farar ƙasa, da baƙin gawayi, da shuni. Ana dama su da ruwan ƙaro don su kama. Yanzu yawancin masu zane fentin kanti suke sawa, kore da rawaya da shuɗi. Daga nesa ya fi ɗaukar ido. Amma wanda ya matso kusa zai ga inda fentin ya kumbura, ya ɓare, ya bar bango kamar mai ƙyasbi.

SIMINTI BISA ƘASA

A Birni da Zango duka akwai wani abin da ya kamata baƙo ya tsaya ya duba. Gidaje da yawa na ƙasa an yi musu shafen siminti. Mai gida ya gaji da yaɓen kowace shekara, ya ce bari ya yi mai gaba ɗaya. Tun da aka buɗe masana'antar siminti ta Malbaza bayan samun mulkin kai, siminti ya yawaita cikin ƙasa, wannan dabara kuma ta bazu har ƙauyuka.

Ga abin da ke faruwa. Ƙasa da siminti ba halinsu ɗaya ba. Bangon ƙasa yana shan laima da damana, ya fitar da ita da rani. Yana ɗan kumbura, yana ɗan motsewa. Siminti kuwa a sandare yake. Bayan ƴan shekaru sai ya rabu da bangon, ya tsage. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita. Ƙasar da ke ciki ta jiƙe, ta yi laushi, alhali daga waje bango yana nan kamar lafiya lau. Wanda ya ƙwanƙwasa da yatsa zai ji yana amsawa kamar ganga. Ran nan sai ɓawon siminti ya faɗo gaba ɗaya, wani lokaci da rabin bangon.

Yaɓen ƙasa in ya lalace ido na gani, a gyara. Na siminti ɓoye cutar yake yi. Magina masu lura, in mai gida ya nace sai siminti, sukan kafa tsakuwa ko ƙusoshi ko ragar waya a jikin bango don shafen ya sami abin kamawa. Wannan yana ƙara masa kwana. Duk da haka sai an riƙa duba shi kowace shekara, a toshe duk tsagar da ta fito. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka.

FARAR ƘASA

Masallatai da ɗakunan amare da yawa a garin farar ƙasa aka shafa musu. Iri biyu ce. Akwai wadda ake haƙowa daga rami, mata su jiƙa su shafe cikin ɗaki da tsumma. Ba ta da tsada, amma tana goge wa mutum a riga, kuma ba ta jure ruwa. Akwai kuma ta buhu, wadda ake samu in an toya wani farin dutse. Ita ce mai ƙarfi.

Amfaninta uku ne. Tana barin bango ya sha iska, laima ba ta maƙalewa a bayanta. Tana haskaka ɗaki, har kunama da kuɗin cizo ba su samun wurin ɓuya cikin sauƙi. Farin bango da farin rufi kuma suna maida zafin rana baya, ɗaki ya fi sanyi.

Wajen haɗa ta akwai hattara. Wadda ba a riga an kashe ba, in ta haɗu da ruwa tafasa take yi, tana ƙuna. Ruwa ake fara zubawa cikin tano, sa'an nan a riƙa zuba ta kaɗan-kaɗan, ana juyawa da doguwar sanda. A nisantar da yara. A bar ta ta kwana, in da hali ta yi kwanaki. A tace, a sirka da ruwa har ta yi kamar madarar shanu. Waɗansu suna ƙara ɗan gishiri ko ruwan ƙaro don ta kama, da ɗan shuni don farin ya fito. Kafin shafawa a yayyafa wa bango ruwa. Shafi biyu ko uku marasa kauri sun fi shafi ɗaya mai kauri, don mai kauri tsagewa yake yi ya zube. In ta faɗa wa mutum a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan da nan, a tafi likita.

A KASUWA

Ran Alhamis ce babbar kasuwar Damagaram. Mutanen ƙauye suna shigowa da bisashe da hatsi, su koma da kayan kanti. A rumfunan masu kayan gini gwangwanayen fenti ne jere, manya da ƙanana. Mai saye ya sani, duk yawansu gida biyu ne.

Na farko fentin ruwa. Da ruwa ake sirka shi, da ruwa ake wanke burushi. Yana bushewa cikin ƴan awoyi, ba shi da wari ƙwarai. Shi ya dace da bangon bulo mai shafen siminti. Akwai na cikin ɗaki, akwai na waje mai jure rana da ruwa. A tambayi mai kanti, ko a sa ɗan makaranta ya karanta abin da ke jikin gwangwani. Na ciki in aka shafa shi a waje, damana ɗaya ta ishe shi.

Na biyu fentin mai. Da kananzir ko man sirki na kanti ake tsinka shi. Yana sheƙi, yana wankuwa, amma yakan kwana kafin ya bushe. Wurinsa ƙofar ƙarfe, da taga, da katako, da amalanke. Ƙarfe sai an kankare tsatsarsa tukuna, a fara sa masa fentin hana tsatsa, sa'an nan mai launi. Fentin mai bisa bangon ƙasa asarar kuɗi ce. Yana toshe bangon kamar leda, laima ta taru a bayansa, ya ɓare.

Sabon shafen siminti kuma ba a yi masa gaggawa. A bar shi ya yi wajen sati huɗu yana bushewa. In an shafa fenti tun yana da ɗanyantaka, gishirin siminti zai fito ya ci fentin.

Ga lissafi mai sauƙi. A ce ɗaki yana da mita 4 a tsawo, mita 4 a faɗi, bangonsa mita 3 a tsaye. Kowane bango 4 sau 3 ne, watau 12. Bango huɗu 48 ke nan. A cire ƙofa da taga, saura wajen 44. Shafi biyu ake yi, ya zama 88. Lita ɗaya ta fenti takan rufe wajen 8 zuwa 10 a bango mai santsi. Ashe ɗakin nan zai ci wajen lita 10. Bango mai kaushi ya fi haka sha. Wanda ya yi wannan lissafi tun daga gida ba zai sayar da akuya biyu ba inda ɗaya ta isa. Kuma a guji fentin da aka cika wa ruwa don a rage kuɗi. Araha ba ta ado.

GUBA CIKIN GWANGWANI

Waɗansu fentin mai, musamman ja da rawaya da tsofaffi, suna da dalma a ciki. Dalma guba ce. In yaro ƙarami ya ci ɓawon fenti, ko ya shaƙi ƙurarsa, tana taruwa a jikinsa, ta taɓa masa ƙwaƙwalwa, ya kasa karatu. Mace mai ciki ma tana cutuwa, ita da abin da ke cikinta. A nemi fentin da aka rubuta cewa ba shi da dalma. In za a kankare tsohon fenti, a jiƙa shi tukuna don kada ƙura ta tashi, a share a binne nesa da rijiya.

Makiyaya su ma abin ya shafe su. Maruƙa suna son lasar fenti, kuma dalma tana kashe su. Kada a yar da gwangwani inda bisashe ke kiwo. Kada a maida gwangwanin fenti ya zama na nono, ko guga, ko mazubin abinci. A buɗe ƙofa da taga lokacin aiki, kada kowa ya kwana cikin ɗaki sai wari ya fita. Kananzir da wuta kuma ba su haɗa hanya.

LOKACIN AIKI

Maginan Damagaram da rani suke aikinsu. Ga manomi, lokacin da ya fi shi ne bayan an shigar da hatsi rumbu. Hannu ya samu sarari, ciyawa da ƙaiƙayi suna nan, tabkuna ba su gama ƙafewa ba. Wannan na ƙarshe babban abu ne, don yaɓe yana cin ruwa, Damagaram kuwa ta daɗe da sanin wahalar ruwa. Wanda ya bari sai bazara, da kuɗi zai sayi ruwan kwaɓi.

Ranar da buji ya taso ba a shafa fentin mai, ƙura za ta manne a kansa. Tsakar rana ma ba ta dace ba, don zafi yana busar da shafi kafin ya kama. Safe da marece su ne lokaci.

Kafin a yi zancen launi, a fara da gyara. A hau rufi a duba. A gyara indararo, ya zama mai tsawo, ya zubar da ruwa nesa da gindin bango. A toshe ramin ɓera da na gara. A yi dakali ko a tara ƙasa a gindin katanga don kada ruwa ya kwanta. Hadari a ƙasar nan daga gabas yake tasowa, shi ya sa a kowace unguwa bangon gabas ya fi zaizayewa. Shi ya kamata a ba yaɓe mai kauri, a kuma fara da shi.

ABIN DA DAMANAR 2024 TA NUNA

A damanar 2024 an yi ruwa mai yawan gaske a Nijar. Mutum fiye da 300 suka rasu, dubban gidaje suka faɗi. Jahar Maraɗi da ta Damagaram suna cikin waɗanda suka fi shan wahala. A farkon watan Satumba na shekarar, tsohon masallacin Birni, wanda aka gina da ƙasa tun zamanin sarakunan da, ya rushe bayan ruwa mai ƙarfi. Mutanen gari sun yi baƙin ciki ƙwarai, don kakanni da jikoki sun yi salla a cikinsa.

Wannan ba ya nuna ginin ƙasa aikin banza ne. A Agadas hasumiyar babban masallaci, mai tsawon mita 27, da ƙasa aka yi ta, ta yi ɗaruruwan shekaru a tsaye, don ana sabunta mata yaɓe. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihi na duniya. A ƙauyen Yama, cikin jahar Tawa, wani manomi magini mai suna Falke Barmu ya fara ginin masallacin Juma'a da ƙasa a 1962. A 1986 masallacin ya sami babbar kyautar gini ta Aga Khan. Abin da ginin ƙasa ke nema shi ne kulawa, shekara bayan shekara.

Wanda ya zaga Birni da Zango ya koma ƙauyensu, ga abin da zai riƙe. Bangon ƙasa, a ba shi yaɓe da makuba da farar ƙasa. Bangon bulo, a ba shi fentin ruwa bayan ya bushe. Ƙarfe da katako, a ba su fentin mai. A tanadi ɓawon ɗorawa maimakon a zubar, a kuma bar itacen ɗorawa a gona ya girma. Samari su zauna da tsofaffin magina su koyi haɗin makuba da laso tun suna da rai. Maƙwabta su yi gayya, yau gidan wannan, gobe na wancan, a gama kafin hadarin farko. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare gidaje da mutanen da ke ciki.